Soja Ba Ya Ja Da Baya

Laifina na farko shi ne kalmar da na zaɓa. Ina tsaye a wani filin 'yan gwangwan a Azare, rana ta take, na kira uwargida a waya na ce mata, "Maman yara, yi mini barka, na sayi tirela." Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai na ji ta ce, "Malam, da wane kuɗin?" Na ce in na dawo ma yi magana.

Kafin in iso Shira da magariba, labari ya riga ni. Na tarar da tabarma uku a ƙofar gidana. Kawu ya zo da addu'a, wani maƙwabci ya zo da ɗansa yana roƙon in ɗauke shi yaron mota, wani dillalin shanu kuma yana tambayar nawa zan kai masa kaya Legas. Duk sun ɗauka irin dogayen nan ne masu taya goma sha takwas da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri suna girgiza ƙasa. Na buɗe baki zan gyara zancen, sai Kawu ya ce, "Tun yana yaro na san zai yi arziki." Shekara hamsin ina jiran wannan magana daga bakin Kawu. Na rufe bakina na ce amin.

Abin da na saya ba ya kai girman gadon amarya biyu. Akwatin ƙarfe ne mai taya biyu, kore shar irin na soja, da dogon wuya a gaba mai zobe a bakinsa. Kwano da siminti na je saye, idona ya faɗa kanta a bayan tarin tsofaffin injin niƙa. Mai wurin ya ce a gwanjo ya same ta, ya ciro takarda mai hatimi ya nuna mini. A gefenta akwai ɗan farantin ƙarfe da aka buga wa rubutu, tsatsa ta ci rabi, amma na karanta nauyin da take ɗauka: kashi uku cikin huɗu na tan. Ni malamin lissafi ne, shekara ashirin da shida ina koyar da shi a firamare. Nan take na buga: kilo 750, wato buhun gero bakwai da rabi a sahu ɗaya. Na tuna yadda duk kaka nake bin mai amalanken unguwarmu ina lallashi, ya ce gobe, goben ta zama jibi, wai bijiman sun gaji. Na ce daga bana an gama. Na biya kuɗin da zai sayi ɗan maraƙi, har na yi wa kaina kirari a zuci.

Ina da mota. Peugeot 504 ce mai buɗaɗɗen baya, cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya buɗe a 1975. Yara suna kiranta Sannu Ba Ta Hana Zuwa. A bayanta akwai wani dunƙulen ƙarfe da na gada daga mai ita na farko, ban taɓa sanin amfaninsa ba sai ran nan, da na gane na jan kaya ne. Na yi ribas har bakin tirela, yaran wurin suka ɗaga wuyanta suka ɗora zoben a kan dunƙulen. Ya shige, ya kuma fito. Kamar ka zura wa jariri awarwaron kakarsa. Wani yaro ya ce, "Alhaji, a ɗaure da roba kawai, haka muke yi." Wani ya kawo igiyar ɗaure akuya. Wallahi saura kaɗan in yarda. Abin da ya hana ni shi ne na hango kaina a gangara, tirela ta kwance ta wuce ni tana gaba ina binta a baya. Na ce a ajiye mini, zan dawo da shiri.

Shirin nan ne ya ci mako uku.

A unguwarmu akwai tsohon soja da kowa ke kira Saje. Ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG a 1990, kuma tun da ya dawo bai taɓa ba da labari ƙasa da awa biyu ba. Washegari na ɗauke shi zuwa Azare. Da ya hango tirelar sai ya tsaya cak, ya ƙame, na rantse har ƙafa ya buga. Ya zagaya ta sau uku yana shafawa kamar mai taya doki. Ya ce irin wadda Land Rover ke ja ce, ƙirar Ingila, su a bariki Sankey suke ce mata, kuma tayarta ɗaya ce da ta motar da ke janta, don in ɗaya ta fashe a daji a ara daga ɗayar. Sannan ya juya ya dubi dunƙulen bayan motata, ya dube ni.

"Malam, da wannan ƙwan zabon za ka ja kayan gwamnati?"

Ya sa na auna da rular makaranta. Dunƙulen milimita 50 ne, ramin zoben kuwa milimita 76. Ya ce ƙwallon na farar hula ne, akwai kofin da ke hawa kansa ya kulle. Soja kuwa ƙugiya yake amfani da ita, mai baki kamar na kada, ta haɗiye zoben a rufe a soka fil. An yi haka ne don tirela ta samu sakewa a kwazazzabo da tudu, ta karkata duk inda ƙasa ta karkata ba tare da wani abu ya karye ba. Ya ce sai an nemo ƙugiyar.

Na karaɗe Azare ban samu ba. Na ba wani direba saƙo zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake cewa in ka rasa ƙarfe a can to ba a ƙera shi ba. Na zana masa hoto a takarda. Bayan kwana huɗu ya kawo mini ƙugiyar da ake rataye injin mota a gareji. Na dubi zanena, na dubi abin da ya kawo, gaskiya ba laifinsa ba ne, lissafi na koyar ba zane ba. Sahu na biyu Saje ne ya yi magana da mai shagon a waya, cikin tsawa, aka kawo ta daidai.

Mai walda ya ce minti goma ne, zai liƙa ta a bamba. Saje ya ce in ya taɓa bambar nan da wuta sai ya sa shi tsallen kwaɗo daga nan har Yana. Bamba ado ce, in ji shi, gwangwani ce, birki ɗaya mai ƙarfi za ta yage ta bar maka rabi. Sai a jikin casis, da farantin ƙarfe mai kauri, da kusoshi huɗu masu noti. Aka yi haka. Da aka haɗa, sai ga wata sabuwa: tirelar an yi ta don doguwar mota, tawa kuwa gajera ce, ga tsufa ya ƙara durƙusar da ita. Wuyan tirela ya sunkuya ƙasa, gindinta ya ɗaga sama kamar kaza mai tsattsaga. Aka kwance, aka ƙara faranti, aka ɗaga ƙugiyar har wuyan ya kusa miƙewa. Kwana biyu ke nan, da kuɗin walda biyu.

Taya kuwa ni na yi gardama. Zanenta sabo fil, ko tsakuwa ba ta ci ba. Saje ya durƙusa ya tofa yawu ya goge gefenta, ya nuna mini wasu lambobi a cikin ɗan da'ira. Ya ce tun shekarar 2000 lamba huɗu ake bugawa, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga lamba uku, to kafin 2000 aka yi ta. Na ƙirga. Uku ne. Wato tayar ta girmi ɗana na fari, wanda yanzu shi ma yana da ɗa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuwa shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka ƙera ta. Na ce amma ai ba ta yi aiki ba. Ya ce, "Malam, tuzuru ma tsufa yake yi." Ya lanƙwasa gefen da babban yatsa, sai ga tsaga-tsaga kamar faso a diddigen manomi. Na sayi taya biyu, da safaya ta uku.

Da bakanike ya zo kwance ƙafafun don duba boris, sai ya tarar rina ta yi gida a ƙarƙashin bodin. Ba zan tsawaita ba, an dai ƙara kuɗin allura a lissafi. Giris ɗin ciki ya bushe ya zama kamar tsohuwar daddawa. Aka wanke da kananzir, aka cusa sabo.

Fitilu su ne suka fi ba ni kunya. Mai wayarin ya jona, na taka birki, ya ce ba wuta. Muka rufe da hula muka leƙa, ashe akwai, ja-ja-ja kamar garwashin da ya kwana. Wasu motocin soja irin waɗannan da batir biyu suke aiki, ƙarfin wutarsu bolt 24, tawa kuwa 12 ce, saboda haka ƙwan yana samun rabin abincinsa ne. Aka canza ƙwayaye duka. Fulogin sojan mai ƙafa goma sha biyu ne, ba inda zai shiga a motata, aka yanke shi aka ja sabuwar waya. Saje ya ce sai an yi fareti. Ya tsaya a baya, hannu a ƙugu, ni ina ciki.

"Hagu!"

Na kunna siginar hagu.

"Na ce hagu!"

"Hagun ce, Saje!"

"To motarka ta yi hagu, tirelarka ta yi dama. Wa za a bi?"

Mai wayarin ya ce ai ba komai, mutane za su gane. Saje ya dube shi kallo ɗaya, ya koma ƙarƙashi ba tare da an sake magana ba.

Na ɗauka an gama, sai Saje ya ce saura launi. Ashe akwai doka tun 1977, zamanin mulkin Janar Obasanjo, da ta hana farar hula hawa hanya da abin hawa mai fentin koren soja. Ni kuwa koren nan shi ne rabin abin da ya sa na saya. Aljihuna ya riga ya yi ƙasa. Mai fenti ya ce akwai ragowar galan da ya rage daga ɗakin wata amarya, zai bar mini a rabin kuɗi. Ruwan hoda ne. Ranar da Saje ya ga abin da aka yi wa tirelar, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai ce uffan ba har muka wuce rabin hanya. Can sai ya ce, a hankali, "Ta ga yaƙi fa, Malam."

Aka sa sarƙa biyu, aka gitta su a ƙarƙashin wuyan, ta hagu ta kama dama, ta dama ta kama hagu, don ko ƙugiya ta saki, wuyan ya faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. Na rubuta komai a littafin darasi, abu goma sha ɗaya, kowanne na ja masa layi. Daren da za a ɗauko ta na zauna na tara kuɗin shiri. Ya ninka kuɗin tirelar har da ɗoriya. Maraƙin ya zama bijimi. A 1916 aka ɗauke hedikwatar masarautarmu ɗungurungum daga garin Katagum aka dawo da ita Azare, da sarki da fada da alƙalai, kuma ina shakkar an yi zirga-zirgar da na yi.

Sai aka kira 'yan fansho tantancewa a Bauchi, ranar ta faɗo daidai da tawa. Saje ya zo da asuba yana sauri, ya karanta littafina, ya gyaɗa kai. Har ya juya sai ya tsaya. "Akwai abu ɗaya da ya rage. Ɗan ƙarami ne." Ya sosa ƙeya. Mota tana masa hon. "Zan tuna," ya ce, ya tafi.

Ni da ƙanina muka je. Na shiga biyan kuɗin kwano, na bar yara suna lodi. Buhun siminti shida, kilo 300, suka jere su a can ƙarshen baya saboda nan ne kusa da hannunsu, suka ɗora kwano a sama suka ɗaure. Na fito na duba ƙugiya, fil, sarƙa, fitila, iskar taya. Lodin ne kawai ban duba ba, shi kuwa shi ne na tara a littafin.

Cikin gari lafiya lau. Da muka fita muka kama hanyar Yana, na ɗan taka, allura ta haura hamsin. Sai na ji gindin motar yana rawa. Na dubi madubi, na ga tirela ta leƙo ta hagu. Na sake duba, ta leƙo ta dama. Kafin in ce wani abu ta fara kaɗa mu kamar jelar sa. Ƙanina ya kama salati yana cewa, "Yaya, birki! Yaya, birki!" Abu na goma a littafin ya ce kada a taka birki da ƙarfi in ta fara haka, kada kuma a yi kokawa da sitiyari, a ɗaga ƙafa daga mai a riƙe hanya. Na ɗaga ƙafa. Ban san ko ilimi ne ko tsoro ne ya sandarar da ni ba, sakamakon dai ɗaya ne. Ta lafa. Muka sauka gefen wata gonar gero, ƙafafuna suna karkarwa, muka kwance kwano, muka dawo da siminti gaban taya, yadda nauyi zai danne ƙugiya maimakon ya ɗaga ta. Ƙa'idar ita ce wajen kashi 60 cikin ɗari na kaya ya zauna a gaba. Malamin lissafi da ya san haka ya ɗauki buhu shida a kafaɗa a rana tsaka, wani makiyayi yana jingine da sanda yana kallo.

A wani shinge jami'i ya tsayar da mu. Na miƙa takardar gwanjo tun kafin ya tambaya. Ya duba sarƙa, ya sa na taka birki, ya karanta lambar taya. Bai sami komai ba. Ya ja da baya ya ƙare wa launin kallo, ya ce, "Malam, ina amaryar?"

Duwatsun Shira suka bayyana da la'asar. Ban san ƙanina ya yi waya ba. A bakin gari na tarar da jama'a, Kawu a gaba da babbar riga, yara a kan katanga, dillalin shanu, har da mai kalangu da ban san wanda ya gayyato shi ba. Na tsaya. Kowa ya miƙa wuya yana duban bayana, can hanya, ana jiran tirela ta ɓullo. Wani yaro ya zagayo ya dubi abin da nake ja, ya ce da ƙarfi, "Wannan 'yar ce, uwar tana baya!" Mai kalangu ya saka kalangunsa a hammata. Kawu ya ce, "To. Allah ya sa albarka," irin yadda ake faɗa in an haifi 'ya mace ta bakwai a gidan da ake jiran namiji.

Da a nan abin ya tsaya da na gode. Lungunmu yashi ne, kuma matsattse. Saboda kunya na shige shi da sauri har na wuce ƙofar garkata da taku goma. Na ce ba komai, na sa ribas. Mota ta yi baya taku ɗaya ta tsaya kamar ta daki kututture. Na ƙara mai. Tirela ko gezau. Na ja gaba, ta biyo ni salin-alin. Na sake ribas, ta kafe. Jama'ar da suka biyo ni suka zama direbobi gaba ɗaya: kaɗa hagu, a'a dama, miƙe sitiyari, taka sosai. Na taka sosai. Tayar motata ta haƙa rami, tirelar ta karkace ta dafa katangar maƙwabci, ƙugiya ta ɗaure tam yadda ƙarti huɗu suka kasa zare fil ɗin. Wani wari ya tashi kamar ana babbakar fata. Kawu ya ce shi dama ya san kayan soja ba a rasa su da iska, wa ya san abin da ta ɗauko a zamaninta, a kawo garwashi da turare. Wani tsoho ya ce ba iska ba ce, tarbiyya ce, soja ba ya ja da baya. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Warin kuwa kulocina ne. Na sa giya ɗaya, inji ya yi kuka, mota ba ta motsa ba. Yanzu ba gaba ba baya, na toshe lungu, ga awaki sun dawo kiwo sun yi cincirindo, ga mata masu tallan tuwo suna jira.

Daf da magariba mai amalanke ya iso. Mutumin da na tare a masallaci mako biyu da suka wuce na ce masa bana ya huta da ni. Bai ce komai ba. Ya kwance bijimansa biyu daga amalanke, ya ɗaura igiya a gaban Peugeot, samari suka dafa ta baya. Haka muka zagaya unguwa ta bayan kangon liman muka ɓullo ta ɗaya bakin lungun: shanu suna jan mota, mota tana jan tirelar soja ruwan hoda, ni ina riƙe da sitiyari ina amsa gaisuwa. Uwargida tana tsaye a zaure. Ta ce, "Sannu da zuwa, mai tirela."

Washegari da hantsi Saje ya dawo. Na ba shi labari yana tafe yana zagaya ta. Ya tsaya a wuyan, ya sa yatsa ɗaya ya kifa wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, ƙaras. Ya ce birkin tirelar a wuyanta yake. In mota ta rage gudu, tirela ta turo, sandar zoben sai ta shige ciki ta ja birki da kanta. In ka yi ribas kuwa, kai ne kake tura sandar, ita ba ta san bambanci ba, iya ƙarfin turawarka iya ƙarfin kamunta. Sai an kifa wannan ɗan ƙarfen ya tokare sandar kafin a yi baya, in an gama a ɗaga shi.

"Shi ne abin da ka ce za ka tuna, Saje?"

"Ai na tuna. Muna wuce Darazo na tuna."

Kuɗin kuloci sai bayan an sayar da ridi, saboda haka Peugeot tana kan duwatsu huɗu a garka. Kaka kuwa ba ta jira ba. Mai amalanke ya zo ya dubi tirelar, ya ce ƙarfenta ya fi na amalankensa, tayarta ma sabuwa ce. Ya ɗaura mata doguwar sanda a zoben, muka yi yarjejeniya a kan rabin kuɗi. A jikin duwatsun garin nan akwai zanen shanu da mutanen da suka yi tun ba a san ranar ba, kuma duk safiya ta ƙarƙashinsu tirelata take wucewa a bayan bijimai biyu, da buhu bakwai da rabi daidai, na ƙirga. Ɗan maƙwabcin nan da aka roƙa wa aikin yaron mota shi ne yake zama a kan buhunan da tsumagiya. Jiya ubansa ya aiko a tambaye ni yaushe za a fara biyansa.